Cacar ƙwallo a Kano: kafin a garƙame shago, doka ta faɗi mece ce caca

  

Wani dare bayan sallar isha'i, a masallacin da muke karantarwa a Gyaɗi-Gyaɗi, wani saurayi ya jira har jama'a suka watse, sannan ya matso ya durƙusa. Ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, abin nan na ƙwallo da muke bugawa a waya, wai shi ma caca ne? Ni a ganina hasashe ne. Sai ka san ƙungiyoyin, ka san wanda ya ji rauni, ka san wa ke gida, sannan ka zaɓa. Kuma kamfanin yana da lasisin gwamnati." Muka tambaye shi nawa ya taɓa ci. Nan take ya faɗa, har da ranar. Muka tambaye shi nawa ya zuba tun da ya fara. Ya sunkuyar da kai, ya ce bai taɓa lissafawa ba.

Ba a yi mako guda ba, aka aiko mana da takarda daga ajin matan aure na islamiyya. Su goma sha biyu ne suke adashi, kowacce tana zuba dubu biyar a wata. Don gudun rigimar wa za ta fara kwasa, sai su rubuta sunaye a takardu, su nannaɗe, su sa yaro ya ɗauko ɗaya. Wani ya ce musu tunda sun shigar da ƙuri'a, caca suke yi. Har biyu daga cikinsu sun janye, suna istigfari.

Ga mai caca yana zaton abin da yake yi ba caca ba ne, ga waɗanda ba su kusance ta ba suna zaton sun auka mata. Su duka abu ɗaya suka rasa, wato iyakar da ke raba caca da abin da ba ita ba. Malami yana iya ba su amsa a kan buzunsa, kuma mun ba su. Amma akwai mutum na uku da ke buƙatar wannan iyaka fiye da su, shi ne alƙalin da za a gurfanar wa da mai shago gobe a kotunan da ke Titin Kotu, nan bayanmu. Shi ba zai yi hukunci da wa'azinmu ba, da abin da aka rubuta a doka zai yi.

A watan Oktoba na 2024 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta fara samame a shagunan cacar ƙwallo, ta rufe talatin a unguwa ɗaya a ranar farko. Jama'a suka yi ta sa albarka. Sai aikin ya tsaya, domin hukumar tarayya mai kula da harkar caca ta yi ƙorafin cewa kamfanonin suna aiki ne a ƙarƙashin dokar tarayya ta 2005, wadda ta ba ta ikon ba su lasisi. Wannan shi ne lasisin da saurayinmu ya fake da shi. Ana cikin haka, ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a wata ƙara da Jihar Legas ta shigar tun 2008. Alƙalai bakwai suka haɗu a kan cewa caca da wasannin sa'a ba sa cikin abubuwan da Kundin Tsarin Mulki ya ba Majalisar Tarayya ikon yi wa doka, don haka hurumin jihohi ne, kuma dokar 2005 ba ta da aiki sai a Babban Birnin Tarayya. Hisba ta sanar da cewa za ta koma bakin aiki.

Abin mamaki, Legas ba don ta hana caca ta kai ƙarar ba. Ta kai ne don lasisi da harajin caca su dawo hannunta. Amma hukuncin da ya ba Legas damar tatsar kuɗi shi ne ya ba Kano damar hanawa. Daga ranar nan uzurin "Abuja ce ta ba su izini" ya faɗi. Tare da shi kuma uzurinmu ya faɗi, domin yanzu babu wanda za mu ɗora wa laifi idan dokarmu ta gaza, sai Majalisar Dokokin Jihar Kano da mu da muka zaɓe ta.

Sashe na 36(12) na Kundin Tsarin Mulki ya shimfiɗa ƙa'ida cewa ba za a sami mutum da laifi ba sai idan an fayyace laifin kuma an ambaci hukuncinsa a rubutacciyar doka. Wasu daga cikin 'yan'uwa suna jin haushin wannan sashe, suna ganin da shi lauyoyi ke kuɓutar da masu laifi. Mu ba ma ganin haka a wannan babi. Caca ba ta cikin laifuffukan haddi kamar sata da shan giya. Haramcinta yankakke ne a Alƙur'ani, amma uƙubarta ta duniya ta'aziri ce, wadda aka bar wa shugaba ya ƙaddara gwargwadon maslaha. Abin da aka bar wa shugaba kuwa, wajibi ne ya bayyana shi ga talakawa kafin ya kama su da shi. Saboda haka rubuta ma'anar caca a fili aiki ne da fiƙihunmu ya ɗora wa masu mulki tun kafin tsarin mulki ya nema.

To me dokokin da ke hannunmu suka ce? Dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a Jihar Arewa a 1960, an ɗauko tsarinta daga ta Sudan, ita kuma ta samo asali daga ta Indiya ta 1860. Ta yi magana a kan caca a sashe na 204 zuwa 206. Ta fassara cacar ƙuri'a da cewa duk wasa ko dabarar da ake raba kuɗi ko abin da ke da darajar kuɗi ta hanyar sa'a ko ƙuri'a. Sannan ta hukunta wanda ya riƙe gida ko wurin da jama'a ke shiga don caca. A lura da kalmomin nan biyu, sa'a da wuri, domin a kansu matsalar take.

Kafin Final Kod, dokar Kiriminal Kod ce ke aiki a Arewa, kuma har yau ita ce ke aiki a mafi yawan jihohin Kudu. A sashenta na 236 ta jero wasannin da ta haramta, kuma a cikin jerin har da kalmarmu ta Hausa, caca, da rubutun Turawa, tare da sauran wasannin wuri. Wato Bature ya tarar da kakanninmu suna watsa wuri a bayan kasuwa, ya ji sunan abin, ya sa shi a doka. Amma dokar ta keɓe wasan da ya dogara ga gwaninta, ta kuma bar ƙofa ga cacar sukuwar dawaki a kulob ɗin da gwamnati ta amince da shi. Wurin talaka ya zama laifi, dokin Bature ya zama nishaɗi. Wannan rabe-rabe na "sa'a" da "gwaninta" shi ne ya yi tafiyar shekara ɗari har ya faɗo bakin saurayin Gyaɗi-Gyaɗi, yana ce mana hasashe ne. Bai san daga ina ya gaji hujjar ba.

Dokar laifuffuka ta Shari'a ta Jihar Kano ta haramta caca ga Musulmi, kuma a kanta Hisba ta dogara. Sai dai an rubuta ta a shekarar 2000, wayar salula ta GSM kuwa ba ta fara aiki a Najeriya ba sai a watan Agusta na 2001. Malaman da lauyoyin da suka tsara ta, Allah Ya saka musu da alheri, suna tunanin 'yan karta ne a kango da masu watsa wuri a gindin bishiya. Ba za a zarge su da rashin hango manhajar da yaro zai sauke a wayar da ya sayo a kasuwar Farm Centre, ya zuba mata kuɗi ta hannun mai POS na bakin layi, ya yi caca yana kwance a ɗakin mahaifiyarsa ba. Ina "gidan caca" a nan? Wa ya "riƙe wurin"? Uwar ce, ko mai POS, ko kamfanin da na'urorinsa ke wata ƙasa? Idan aka rufe shaguna talatin, abokan cinikinsu ba sa tuba, komawa waya suke yi. A shago ma akwai kunyar kada maƙwabci ya gan ka kana shiga. A waya babu.

Idan aka juyo ga fiƙihu, sai a tarar da ma'anar da ba ta damu da gida ba, ba ta kuma damu da gwaninta ba. Alƙur'ani ya kira caca da maisir. A aya ta 219 ta Suratul Baƙara an haɗa ta da giya, aka tabbatar da cewa akwai wani amfani a cikinsu, amma zunubinsu ya rinjayi amfanin. A aya ta 90 da ta 91 ta Suratul Ma'ida aka yanke haramcin, aka faɗi dalili: tana jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, tana kange su daga ambaton Allah da salla. Yana da kyau mu san irin cacar da ayoyin suka sauka a kanta. Larabawan jahiliyya sukan sayi raƙumi su yanka, su zuba kibau goma a jaka, bakwai masu rabo, uku marasa rabo. Waɗanda marasa rabon suka fito musu su ne za su biya kuɗin raƙumin. Waɗanda suka ci kuwa sau da yawa ba sa kai naman gida, rabar da shi suke ga matalauta, suna alfahari da hakan, suna kuma zagin wanda ya ƙi shiga da rowa. Ke nan cacar da aka fara haramtawa caca ce mai "taimakon al'umma". Dokar 2005 ma ta kafa asusun da ake zuba wani kaso na kuɗin caca don ayyukan jinƙai. Duk wanda zai zo wa Kano da maganar haraji da gina asibiti da kuɗin caca, to ya sani an riga shi da naman raƙumi, kuma bai hana ayar sauka ba.

Daga waɗannan nassoshi malamai suka fitar da ma'anar da za a iya taƙaita ta haka: caca ita ce mutum ya sa dukiyarsa a kan wani abu da ba a san yadda zai kasance ba, bisa sharaɗin in ya kasance yadda ya ce ya karɓi dukiyar wani, in bai kasance ba a karɓe tasa, ba tare da an sayi kaya ko an yi wani aiki ba. Kowane ɓangare ya shiga yana tsakanin ci da asara, kuma cin ɗaya shi ne asarar ɗayan. Ba a tambaya ko wuri aka watsa, ko karta aka raba, ko Arsenal ce ta buga da Chelsea. Ba a tambaya ko ɗan wasan gwani ne. Mutum biyu da suka zauna dara, wasan da babu sa'a a cikinsa sai tunani, idan kowa ya ajiye ɗari biyar wanda ya ci ya kwashe, sun yi caca. An ruwaito daga Imamu Malik, kamar yadda Ƙurɗubi ya kawo a tafsirinsa, cewa maisir iri biyu ne, na wasa da shagala da kuma na sa kuɗi, kuma na biyun shi ne duk abin da mutane ke kasadar dukiya a kansa. Tsananin abin ya kai ga cewa a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya kira abokinsa zuwa caca, ko da ba su yi ba, an umarce shi ya yi sadaka.

Har a ma'aunin masu cewa gwaninta ce, hujjar ba ta tsayawa, kuma lissafi ne zai nuna. Mu ƙaddara ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya, babu canjaras. Adalcin lissafi shi ne wanda ya sa naira dubu ya ci, a ba shi dubu biyu. Kamfani ba ya ba da haka, sai ya sa farashin 1.90 a kowane ɓangare. Mutum biyu suka sa dubu-dubu, ɗaya nan ɗaya can. Kamfani ya karɓi 2,000, ya biya 1,900, ya riƙe 100, kowa ya ci. Wannan a wasa ɗaya ke nan. Samarinmu kuwa ba wasa ɗaya suke bugawa ba, jera wasanni goma suke a tikiti ɗaya da naira ɗari, don su ci babban kuɗi. Damar a dace da goman duka ita ce ɗaya cikin 1,024. Da adalci ne da an biya naira 102,400, amma abin da farashin 1.90 zai bayar kusan 61,300 ne kawai. Kusan kashi 40 cikin ɗari ya tafi aljihun kamfani tun kafin a take leda. Shi ya sa kullum za ka ji suna cewa wasa ɗaya ne ya ɓata musu tikiti. Haka aka gina abin, don a riƙa kusantar ci, a dawo gobe. Akwai kuma wasannin da ba ƙwallo ba ne sam, zane ne kwamfuta ke sarrafawa, a gama wasa cikin 'yan mintuna a fara wani. A nan ko inuwar gwanintar ma babu.

Yanzu mu koma ga matan adashi, domin doka mai kyau ana gane ta da abin da ta bari kamar yadda ake gane ta da abin da ta kama. Ƙuri'a a kan kanta halal ce. Alƙur'ani ya ba da labarin ƙuri'ar da aka yi kan wanda zai riƙi Nana Maryamu, da wadda aka yi a jirgin Annabi Yunusa. Nana A'isha ta ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa. Ana yin ta ne idan haƙƙoƙi suka yi daidai, aka rasa wanda za a gabatar. A adashin matan nan kowacce za ta zuba dubu sittin a shekara, ta kwashi dubu sittin. Ƙuri'a ba ta ƙara wa kowa ko rage wa kowa sisi ba, lokaci kawai ta tsara. Amma duba ma'anar Final Kod, raba kuɗi ta hanyar sa'a ko ƙuri'a. Wanda ya riƙe zahirin lafazin zai iya tsorata waɗannan bayin Allah, alhali mai manhajar ƙwallo yana da lauyan da zai ce gwaninta ce kuma babu gida. Ma'anar da aka gina a kan sa'a tana iya kama mai gaskiya ta saki mai laifi. Wadda aka gina a kan sa kuɗi da kasadar rasa shi ba ta yin wannan kuskure.

Haka gasa. Musabaƙar Alƙur'ani da attajiri ko gwamnati ke sa wa kyautar mota ba caca ba ce, domin mahaddatan ba su zuba komai ba. Hadisi ya yi izinin sa kyauta a tseren dawaki da na raƙuma da harbin kibiya, kuma Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda almajiranmu ke karantawa a zaure, ta kawo sharaɗin Malik: kyautar ta fito daga mutum ɗaya, kuma in shi ya yi nasara ba za ta koma aljihunsa ba. Wannan ya shafi gasar ƙwallon unguwa da samari ke shiryawa a filayen Tarauni da Unguwa Uku. Idan wani mai hali ne ya sa kofi da kuɗi, babu laifi. Idan kowace ƙungiya ce ta zuba kuɗi aka tara wa zakara, an shiga wani babi, kuma ya kamata masu shiryawa su sani.

Inda abin ya fi ruɗarwa shi ne garaɓasar kamfanoni. Aika saƙon tes na naira ɗari ka shiga zaɓen mota. Kira wannan lamba ka amsa tambayar da yaron firamare zai amsa, ka ci miliyan. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, ta tattauna wannan a zamanta na 14 a Doha cikin Janairun 2003. Matsayarta ita ce idan kuɗin shiga ko kuɗin kiran waya yana komawa cikin kyautar, caca ce. Idan kuwa mutum ya sayi kayan da yake buƙata a farashinsu na kullum, aka ba shi tikitin kyauta a kai, kuɗin kyautar kuma daga kamfani ya fito, hukuncin ya bambanta. Wannan rarrabewa tana da saukin zubawa a sashen doka, kuma gidajen rediyonmu masu shirye-shiryen kacici-kacici suna buƙatar sanin inda layin yake.

Ba mu kaɗai muke wannan gwagwarmaya ba. Indiya, wadda daga gare ta Final Kod ta samo asali, ta rayu da keɓancewar "wasan gwaninta" tun dokarta ta caca ta 1867, kamfanonin waya suka yi ta shigewa ta wannan ƙofa. A watan Agusta na 2025 majalisarta ta yi dokar da ta hana duk wasan intanet da ake sa kuɗi don a ci kuɗi, ko na gwaninta ne ko na sa'a, ta hana tallarsa, ta hana bankuna wuce da kuɗinsa. Ba don Baƙara ko Ma'ida suka yi ba, ɓarnar da suka gani a gidajensu ce ta kai su inda malamanmu suka tsaya tun ƙarni da yawa. A Amurka, Kotun Ƙoli ta mayar wa jihohi ikon cacar wasanni a 2018, jihohi da yawa suka buɗe ƙofa, amma Utah da Hawaii suka ci gaba da hanawa, babu wanda ya ce sun fita daga tarayya. Ko Birtaniya da ta halatta caca, dokarta ta 2005 ta ware sashe-sashe tana fassara wasan sa'a da cin fare da cacar ƙuri'a da kuma wadda ake yi daga nesa ta waya ko intanet. Masu halattawa sun ɗauki wahalar fayyacewa don su karɓi haraji. Ai masu haramtawa sun fi cancantar ɗaukar wannan wahala.

Abin da muke nema ga Majalisar Dokokin Kano bai da tsawo. A rubuta ma'anar caca a kan sa dukiya cikin kasada, a faɗa ƙarara cewa gwaninta ba ta fitar da wasa daga ma'anar, kuma "wuri" ya haɗa da manhaja da shafin intanet da lambar tes. A ambaci wakilin kamfani, da mai buga wa mutane tikiti a bayan gidan kallon ƙwallo, da mai karɓar kuɗi yana sane da inda za su, da mai talla a allo ko rediyo ko shafukan sada zumunta. Sannan a fitar da adashi da ƙuri'ar rabon haƙƙi da gasar da wani ya sa wa kyauta, da sunayensu, don kada wani jami'i mai zafin kai ya shiga gidan matan aure. Kuma a sa ma'anar a dokokin biyu, ta Shari'a da Final Kod. Dokar Shari'a Musulmi take hukuntawa. Idan aka gyara ta ita kaɗai, shagunan za su tattara a Sabon Gari, kuɗin adaidaita sahu kawai muka ƙara wa yaranmu. Maƙwabtanmu Kiristoci ma 'ya'yansu na cikin wannan bala'i, kuma idan aka kira shugabanninsu zaman jin ra'ayi da mutunci, ba ma zaton za su tsaya wa kamfanonin caca.

Wajibi ne kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya game da iyakar ikon jiha. Bankuna da sadarwa suna cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka. Kano ba za ta iya umartar Babban Banki ko Hukumar Sadarwa ta Ƙasa su toshe manhaja ba, sai dai ta nema. Amma gwamnan da ya je neman haka da dokar jiharsa a hannu, da hukuncin Kotun Ƙoli a bayansa, ya fi ƙarfin wanda ya je da koke. Tunda lasisi ya koma hannun jihohi, Kano tana da bakin tambayar kowane kamfani: da iznin wa kake karɓar kuɗin mutumin da ke zaune a Darmanawa? Kamfanonin nan sun san inda kowane abokin cinikinsu yake, wayarsa tana faɗa musu. A Amurka da wannan fasaha ake hana mazaunin jihar da ta haramta yin caca a manhajar jihar da ta halatta.

Sai maganar wa za a hukunta, kuma a nan muna roƙon a yi sassauci inda ya dace. Wanda ya kafa shagon da wanda ke cin riba su ne kan gaba. Yaron da aka ɗauka aiki yana buga tikiti a kan albashin da bai kai buhun shinkafa ba, a ba shi wa'adi da gargaɗi kafin a kai ga kotu. Shi kuwa mai bugawa, sau da yawa mara lafiya ne kafin ya zama mai laifi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtukan da take ganewa. Mun ga wanda ya cinye jarin shagon ubangidansa, mun ga wanda ya ci bashin manhajojin lamuni har suka riƙa kiran surukansa, mun zauna sulhun auren da kuɗin cefane ya tafi a tikiti. Idan aka jefa irin wannan gidan yari na Kurmawa wata uku, zai fito da jarabarsa da kuma sababbin abokai. Ta'aziri yana da faɗi. Doka tana iya ba alƙali ikon tura shi ga likitocin ƙwaƙwalwa, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano nan kusa da mu, ga na Dawanau, tare da tilasta masa mayar da haƙƙin mutane.

Mu masu mumbari ma da saura a kanmu. Mun daɗe muna cewa caca haramun ce, jama'a suna cewa amin, saurayi yana sahu na uku da tikiti a aljihu, ransa kwance, domin a saninsa caca ita ce ta 'yan karta. Ba mu zauna mun buɗe masa lissafin 1.90 ba, ba mu bambance wa uwarsa adashi da reful ba.

Ƙaramar Hukumar Tarauni tana da mazaɓu goma, daga Gyaɗi-Gyaɗi Arewa da Kudu zuwa Hotoro da Daurawa da Babban Giji, kuma tana da wakili a Majalisar Dokokin Jiha. Kowane ɗan majalisa yana da ikon gabatar da ƙudurin doka ba sai ya jira ɓangaren zartarwa ba. Muna kira ga limaman waɗannan mazaɓu da masu unguwanni da lauyoyin da ke salla tare da mu, a zauna a rubuta daftarin sashen nan na ma'ana, shafi ɗaya ko biyu, a nemi Hisba da Ma'aikatar Shari'a su duba shi, sannan a kai wa wakilin namu hannu da hannu, a tambaye shi ranar da zai gabatar.

Saurayin nan ya dawo bayan sati biyu da 'yar takarda. Ya bi tarihin asusunsa na wata shida ya haɗa. Abin da ya zuba ya ninka abin da ya ci fiye da sau uku. Ya ce ya goge manhajar. Muka tambaye shi ko tana sake saukuwa. Ya ce minti ɗaya ma ya isa.